Ɗinkin da na farke a Tanut

Mun tashi daga Falanko da asuba, ana sallame salla, mu biyu da jaki ɗaya, wata Talata bayan an gama ɗaurin gero. Ku da kuka dame ni da tambayar abin da ya kai baduku Tanut ba tare da ko fata ɗaya ta sayarwa ba, ga labarin, ku huta ni ma in huta.

Abokin tafiyata taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana, tsohon sojan raƙuma. Shekara goma sha ɗaya ya yi wa Nasara aiki a arewa, ya komo da ɗingishi saboda harsashin da ya same shi a ƙugun hagu, da wani ɗan littafi da ake ba kowane soja. Shekara uku ke nan da ya kawo mini littafin ya ce in ɗinke shi cikin fata, baki huɗu, kamar laya. Na ce masa littafi ai don a buɗe ake yin sa, ya ce nasa ba na buɗewa ba ne. Na yi masa da jar fatar akuya, ya rataya a wuya. Kowa a gari ya san korarsa aka yi, kuma an san dalili, don maganar ta riga shi isowa gida. Wani sarjan ne ya kai ƙara cewa tsakaninsa da wani soja akwai irin abin da ke tsakanin miji da mata. Aka sallame su rana ɗaya, aka hana su takardar kyan hali. Ba a faɗa a gabansa, ni ma ban taɓa tambayarsa ba.

Wannan takarda ita ce ta ɗaga mu. Tsohon sojan da ya fita da ita ba a sa shi aikin dole. Wanda bai samu ba, shi da kowa ɗaya ne, kuma bana mai gari ya sa sunan taubashina cikin waɗanda za su tafi fasa dutse a hanyar mota, wata uku. Mai lafiya ma yakan komo ya rame kamar kara, balle mai wannan ƙugu. Sai muka ji an kawo sabon kwamanda a Tanut, yana sauraron kukan tsofaffin soja in mutum ya zo da littafinsa da shaida ɗaya da suka yi aiki tare. Taubashina ya ce ba mai sa wuƙa a fatar nan sai wanda ya ɗinka ta. Na bi shi don kada wani gardi, ɗan sandan bariki, ya yaga mini aiki, kuma don gwaggona, uwarsa, ta riƙe mini hannu ta roƙe ni.

Ba mu miƙe Tanut ba, muka yi arewa wajen Tarka neman shaida. Hanyar rairayi ce, ƙarangiya ta nuna, kowane taku sai ta kama bakin wando. Shi ke kan jaki, ni ke ƙasa. Na ce masa duniya ta yi kyau, mahayin raƙumi ya sauko ƙafarsa na jan ƙasa, ya ce in ja bakina in ja akala. Ko'ina rumbuna sun cika, Buzaye sun sauko da ayari suna musanya gishiri da dabino da gero, suna ciniki a hankali kamar ba su ne masu bukata ba. A wani ƙauye wata mai fura ta ƙi karɓar kuɗin takarda, ta ce akuya ta taɓa cinye wa mijinta irinsu, sai da na lalubo tamma ta ƙarfe, ta kuwa cika mana ƙwarya har da gyara. Furar ta ji yaji da nono mai kauri, ban sha irinta ba sai da muka komo.

Kwana biyu muka yi kafin mu gangara kwarin Tarka. Can rijiyoyi na da zurfin da ba a ja da hannu, sa ake ɗaura wa igiya ya yi ta tafiya har guga ya fito. Na duba gugansu na ga ɗinkin ganganci, ko'ina yana zuba, amma ba wanda ya tambaye ni. A bakin wata rijiya muka sami mutumin da muka zo nema, dogo, baƙi, mai ɗan furfura a gemu, yana shayar da shanun mutane. Sai da ya juyo suka ga juna na gane cewa shaidar da muka sha kwana biyu dominsa shi ne sojan da aka kore su tare. Ba wani kuma da ya rage a ƙasar nan daga cikin ƙungiyarsu.

Sun gaisa kamar yadda kowa ke gaisawa, sai dai gaisuwar ta yi tsawo, ina gajiya ya dawo sau uku. Ya kai mu gida, matarsa ta kawo gumba da nono da cuku, aka yanka mana zabo. 'Ya'yansa mata biyu suna leƙenmu ta bayan danga. Maƙwabta suka shigo gaida baƙi, na lura suna kiransa da girma, har wani tsoho ya ce shi suke sawa gaba in za a je wurin mai gari. A nan ba wanda ya san yadda ya bar soja. Nasa littafin, ya ce, tuni ya faɗa rijiya. Duk yinin nan hirar raƙuma suka yi, wane ya mutu a ina, wace ce mai cizo, ni ina gefe ina gyangyaɗi.

Idon baduku ba ya barin fata. A damtsen mutumin akwai wuƙa cikin kube, kuben ya tsufa ya yi baƙi don shafa mai, amma ɗinkina ne. Ni na yi wa taubashina shi shekarar da ya shiga soja, ya komo ya ce mini ya ɓace a Azbin. An sake masa maɗauri har sau biyu, an bar jikin yadda yake. Na kalli kuben, na kalli taubashina, ya kalli zabo. Daga nan ban ƙara bukatar tambayar kowa ko sarjan ƙarya ya yi ba.

Da safe muka yi sallama. Mutumin ya raka mu har bayan gari, ya gyara wa jaki akumari, ya cusa wani tsumma a gefen hagu inda ƙugun ke gogawa, sannan ya juya. Sai da muka yi nisa na tuna ba a yi maganar shaida ba, raina ya ɓaci ƙwarai.

"Taubashi, kwana biyu na ci ƙarangiya don ka zo cin zabo?"

"Ka ga 'ya'yansa," in ji shi. "In ya tsaya gaban kwamanda, kafin ya komo labari ya iso rijiya. Wa zai ba shi shanu? Wa zai nemi yaran?"

"To me muka zo yi?"

"Na zo da niyyar tambaya. Na gan shi, na fasa."

Daga Tarka muka yi gabas, kwana biyu da wuni. Ƙasar ta fi tamu tauri, itatuwan ƙaya da aduwa, sai tsakuwa ja in an kusa. Tanut ba ta kai sunanta ba: bariki a kan tudu da tuta, 'yan gidajen gardawa, kasuwa a ƙasa. Ruwa ne mai tsada, abin da za ka ba mai tulu ɗaya ya isa ka ci tuwo da miyar kuka sau biyu a Falanko. A kasuwa na ga jakunkuna da sirdin raƙumi da matan maƙeran Buzaye ke yi, kore da ja, yanka siriri kamar gashi. Na juya su ina neman aibu ban samu ba, abin ya ba ni haushi. Kwana biyu muka zauna ƙarƙashin wata bishiya a ƙofar bariki tare da masu ƙarar gona da masu ƙarar raƙumi, kafin tafinta ya kira mu rana ta uku da hantsi.

Kwamandan saurayi ne, fuskarsa ta ƙone da rana, yana ta korar ƙuda da takarda. Taubashina ya tsaya ƙyam ya sara masa, ɗingishin ya ɓace na ɗan lokaci. Na ciro wuƙata na bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, littafin ya fito fes, ko gumi bai taɓa shi ba, na so a ce wani ya yaba amma ba wanda ya kula. Kwamanda ya karanta, tafinta na juya mana. Shekara goma sha ɗaya, rauni ɗaya a yaƙi, ba hukunci ko ɗaya sai a shafin ƙarshe, inda aka rubuta an kore shi don mugun hali. Kwamanda ya tambayi shaida, aka ce babu. Sai ya ce sarjan da ya kai ƙarar ya koma ƙasarsu, kuma maganar mutum ɗaya ce ba wanda ya gani. Tunda mu Musulmi ne, in taubashina ya rantse da Alƙur'ani gaban malamin alƙali cewa abin da aka faɗa ƙarya ne, yau zai ba shi takardar. Na ji sanyi a raina, na ce ashe tafiyar ta yi kyau.

Aka kira malamin, ya zo da Alƙur'ani cikin gafaka. Taubashina ya fita ya yi alwala a hankali, ya dawo ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora hannu. Ya rantse bai taɓa barci a kan gadi ba. Ya rantse bai taɓa sayar da harsashi ko ɗaya ba, bai taɓa cin abincin raƙuminsa ba, bai gudu ba ranar da aka harbe shi. Sannan ya ɗauke hannunsa ya aza a gwiwa.

"Saura ɗaya," in ji tafinta.

"Wannan ba zan rantse ba."

Tafinta ya sassauta murya, ya bar Faransanci gefe. "Haba, tsohon soja. Kalma ɗaya ce. Ka faɗa, ka je ka yi azumin kwana uku."

Malamin bai ɗaga kai ba ya ce rantsuwar ƙarya da gangan azumi ba ya wanke ta. Taubashina ya ce, "Allah gafarta malam, na sani. Abin da ke tsakanina da Ubangijina shi ya sani, ni ma na sani. Amma ko babu Littafi a nan, ba zan buɗe baki in ce mutumin nan ba kowa ba ne a wurina."

Tafinta ya juya wa kwamanda, ban san yadda ya juya ba, gajere dai ya yi. Kwamanda ya dubi taubashina, ya ɗaga kafaɗa, ya rufe littafin ya miƙo. Aka kira mai ƙarar raƙumi. Duka abin bai kai daɗewar sallar azahar ba.

A hanyar komowa muka bi kudu kai tsaye, kwana uku. Yinin farko ban yi masa magana ba. Ina ta lissafa ƙarangiyar da na ci, da fuskar gwaggona, da duwatsun da ke jiransa. Na so in zage shi, na rasa ta inda zan kama, don mutumin da ya ƙi rantsuwar ƙarya ba ka da bakin ce masa ya yi laifi. Shi kuwa ya sake, har waƙar soja yake yi a kan jaki da muryarsa mara daɗi. Rana ta biyu muka sami kankana a wata gona, mai ita ya ce mu ci iya cikinmu, a nan muka shirya. Muka shigo Falanko da la'asar ranar Juma'a. Gwaggona na ganin fuskokinmu ta koma ɗaki, ba ta tambaya ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne. Na san yanzu wanda zai je Tanut ya ɗauki salkarsa, kuma kada ya bi ta Tarka in ba dole. Na kuma san shekara uku ina yi wa mutum ba'a kullum, ina ganin na san shi ciki da waje, alhali abin da ya fi nauyi a wuyansa ni na ɗinke shi da hannuna ban san me na ɗinke ba. Hukuncin abin da ya yi ba nawa ba ne, akwai mai shi. Ni dai na ga ya sami ƙofa a buɗe sau biyu, a Tarka da Tanut, ya ƙi shiga don kada ya taka wani, kuma na ji kunyar fushin da na yi.

Kwana huɗu da komowarmu ya zo rumfata da littafin da jar fatar, ya ce in mayar. Na zare zare na tambaye shi ko baki huɗu kamar da. Ya ce in bar ɗaya a buɗe, ya gaji da ɗaukar laya. Na yi yadda ya ce. Ban gaya masa ba na yanka masa takalmi, na ƙara fata biyu a ƙasan na hagu don ƙafar ta daidaita. Jiya da safe gardi ya zo ya tara mutanen aikin hanya a ƙofar mai gari, su goma sha biyu. Na tsaya bakin rumfa ina kallo har suka sha kwana. Shi ne na ƙarshe a layi, takalmin na ƙafarsa, amma bai hana ɗingishin ba.