Hoton da Inna Ta Aika Arewa

Ku da kuka yi zamani da Inna, wadda kuke kira Kande mai goro, kun san ba ta yarda da abin da ba ta leƙa cikinsa ba. Ni matar ɗanta ce. Na zauna da ita tun ina amarya har ranar da aka fita da ita daga gidan nan namu na Zango, kuma ban taɓa ganin an miƙa mata abu a rufe ta karɓa ta yi godiya kawai ba. Sai ta ce, "Bari in ga cikinsa." Huhun goro, sai an kwance mata shi har ganyen ƙasa. Ƙwai, sai ta ɗaga shi a rana ta kanne ido ɗaya. Ni kaina ranar da aka kawo ni, cewa ta yi in fito da harshena ta gani, wai daga nan ake gane mai tsegumi.

Wasunku za su tuna lokacin da maƙwabcinmu Malam Sule tela ya sayo garmaho, akwatin nan mai waƙa. Duk unguwa ta taru a ƙofar zaurensa. Inna ta zo da farantin goronta ta zauna, ta saurara, ta saurara, can sai ta ce, "Sule, wa ke ba su ruwa?"

"Su wa, Inna?"

"Mutanen da ke ciki. Tun hantsi suke waƙa."

Ya yi dariya, ya ce babu kowa a ciki. Ta ce ya buɗe ta gani. Ya ƙi. To, sai ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar zaurensa, ta hau cinikin goronta a nan, mai shiga ya tsallake ta, mai fita ya tsallake ta. Da la'asar Malam Sule ya haƙura ya kwance bayan akwatin. Ta leƙa, ta ga ƙarfe a nannaɗe, ta sa yatsa ta taɓa. Ta ɗago ta ce, "Gaskiyarka, babu kowa. Wannan ya fi ban tsoro." Tun daga ranar garmahon bai sake waƙa daidai ba, sai gurnani. Da ya kawo ƙara, cewa ta yi da ma abin ya gaji.

Muna dariya, amma akwai abin da ke cin Inna a rai, kuma duk wanda ya zauna da ita ya san shi. Ba ta san garinsu ba. Mahara ne suka ɗauke ta can arewa tun kafin ta yi famfara, aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu har Salaga. A can wani falken goro ya fanshe ta, daga baya ya aure ta, suka zo Kumasi. Bayan rasuwarsa ta riƙe cinikin da kanta har ta gina gidan nan. Amma sunan garinsu ya ɓace mata, abin da ya rage sai tsagar fuskarta: dogaye uku a kowane kunci, da wasu ƙanana kusa da kunne. Duk baƙon da ya sauka Zango sai ta tambaye shi ko ya san ta, kowa sai ya girgiza kai. Takan ce, "Ba na son in mutu ban san inda aka binne cibiyata ba."

Bayan an gama yaƙin Jamus, sojoji suka dawo da hotuna. Wani ya nuna mata nasa, sai ta ga tsagarsa ta fito raɗau a jikin takarda. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ashe fuska tana iya tafiya ta bar mai ita a gida." Nan ta ƙulla shawararta. Tana da abokin ciniki, Madugu Isa, wanda yake kai goro Sakunde a jirgin ƙasa, ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can ya wuce Kano. Ta ce za ta raka kayan har Sakunde, ta ɗauki mai hoto a can ya yi mata, ta danƙa wa Madugu ya tafi da fuskarta arewa.

Maigidana ya ce, "Inna, akwai masu hoto a nan Kumasi."

"A nan? Kafin in gyara zama labari ya kai unguwar Dichemso."

"Malamai fa ba su cika son hoto ba."

"Ba bauta masa zan yi ba, ɗan nan. Aikensa zan yi."

Ni ta zaɓa in raka ta, don ni haihuwar Kumasi ce, ina jin Asantanci, kuma yaren Fante ba ya gagarata. A tasha ma sai da aka yi ƙaramin rikici, domin ta ce ba za ta shiga abin da ba ta san me ke jansa ba. Ta taka har gaban jirgin, ta matsa wa mai zuba wuta sai da ya buɗe mata ƙofar ƙarfen. Ta ga garwashi jawur. Ta juyo tana murmushi, ta ce, "Ashe murhu ne. Wannan kam na san halinsa. Mu shiga."

A Sakunde muka sauka gidan wani fatoma mai saukar baƙi a Zangon can. Washegari da hantsi aka kawo mana mai hoton, wani Bafante dogo mai suna Kwamina, da malafa da kwat, ɗauke da akwati mai ƙafa uku. Inna ta ce a bayan gida za a yi, ta kori kowa, daga ita sai ni sai shi. Ya fara rataya wani babban ƙyalle a jikin bango, an zana bene da matakala da tukwanen furanni. Ta ce ya sauke.

Hausarsa guntu-guntu ce. Ya ce, "Maame, wannan kyau paa. Kowa so shi."

Inna ta ce da ni, "Ce masa ba ni da bene. Danginmu za su gani, ba zan fara musu da ƙarya ba."

Ya sauke. Da na yi masa bayanin tsagar, ya ce to fuska kaɗai zai ɗauka, daga wuya zuwa sama. Inna ta ce, "Ni kan rago ce a teburin mahauta? Dukana zai ɗauka, su ga ba abin da ya ragu a jikina." Ya ce yoo, wato to. Ya tsayar da ita a inda rana ke haska fuskarta, ya koma bayan akwatinsa, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle.

Da na ga haka na san abin da zai biyo baya. Inna ta ce, "Me yake yi a can ciki? Bari in gani." Kwamina mutumin kirki ne, bai yi musu ba. Ya tsayar da ni a inda take, ya lulluɓe mata kai da ƙyallen. Can sai na ji salati daga cikin ƙyallen, ta fito a guje, tsohuwar da kullum take kukan gwiwa, ta zo ta cafke mini zane da hannu biyu.

"'Yar nan, a kife kike a ciki! Kai ƙasa, ƙafa sama!"

Na ce in gani ni ma. Ta tsaya, na shiga. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. A jikin wani gilashi, cikin duhu, ga Inna ƙarama, da launin zanenta da komai, tana motsi, amma tana rataye kai ƙasa. Bishiyar kwakwar da ke bayanta ma a kife take. Wata kaza ta ratsa, tana tafiya a sama ƙafafunta manne da ƙasar da ta koma rufi. Na fito ina tasbihi.

Kwamina yana ta bayani. "Maame, ciki kawai. Takarda ya fito, kai tsaya daidai."

"Ai cikin nake magana. Namiji zai lulluɓe kansa, ya kife ni, ya tsaya yana kallo? Zanena fa?"

Na ce, "Inna, ai nawa bai zame ba da kika leƙa."

"Naki sabo ne, da sauran ƙarfinsa. Nawa ya sha wanki."

Na zaci an fasa ke nan, raina ya ɓaci, don na san abin da tafiyar take nufi a wurinta. Amma Inna ba ta fasa abu. Ta aike ni na ciro igiya daga jikin huhun goro. Ta sunkuya ta tattara bakin zanenta a idon sawu, ta nannaɗe shi da igiyar tamau, ta ƙulle. Ta miƙe ta ce, "Yanzu ya kife ni yadda ya ga dama." Tafiya ta gagara, sai da na riƙe ta tana tsalle kaɗan-kaɗan har inda zai ɗauka. Kwamina ya cusa kai cikin ƙyalle, na ga kafaɗunsa suna rawa.

Amma da ya ce kada ta motsa, dariya ta ɗauke mini. Ban taɓa ganin Inna haka ba. Ta tsaya cak, ta ɗaga haɓa, ta zuba wa idon akwatin ido kamar mai hango wani a ƙarshen hanya. Ya cire murfin, ya ɗan jira, ya mayar. Ni kuwa na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Yana naɗe kayansa sai ya so ya yi mana alheri. Ya ce, "Maame, wannan layi-layi na fuska, ni iya goge shi. Fuska sumul. Kyauta." Da ba a ɗaure take ba, da ta kai masa. Ta ce in gaya masa in ya taɓa ko ɗaya, za ta bi shi har gidan ubansa.

Hoton ya fito, kowace tsaga a wurinta, har da igiyar. A bakin teku ta ba Madugu Isa, ta ce, "Wanzamai za ka nuna wa. Duk kasuwar da ka shiga, ka nemi inda suke zama. Wanda ya yi aska ya san hannun gidansu."

Damina ta wuce, wata daminar ta zo ta wuce. Duk dawowar Madugu sai ya ce tukuna. Inna ta daina tambayarsa, sai dai ta dubi fuskarsa ta koma ɗaki. Mu ma muka cire rai.

Wata safiya ina shara a tsakar gida, Madugu ya yi sallama, bayansa wani tsoho siriri, rigarsa ta sha tafiya. Da na dubi fuskarsa tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Dogaye uku a kowane kunci, da ƙanana kusa da kunne. Na kawo ruwa, ya ƙi karɓa. Ya fito da hoton daga aljihu, ya ce, "Ina ubangijin baiwar nan? Da shi na zo magana."

Madugu ya ce da ni, "Wanta ne. Tun daga Kano nake gaya masa 'ya ce ba baiwa ba, gidan ma nata ne, ya ƙi yarda." Wani wanzami ne a wata kasuwa kudu da Katsina ya dubi hoton ya ce askar kakansa ce, ya raka Madugu har ƙauyen masu wannan tsagar. Tsohon nan da ya ga fuskar ya ce fuskar uwarsa ce sak. Da idonsa ya sauka kan ƙafafun, sai ya zauna a ƙasa. Ganinsa na ƙarshe da ita, yana ɓoye cikin dawa, ita kuma mahara sun ɗaure ta suna tafiya da ita. Ga shi bayan duk shekarun nan an kawo masa ita tsohuwa, da igiya a ƙafa. Ya sayar da jakunansa da gonarsa, ya ɗaura abin da ya samu a ƙugu, ya hau jirgin da bai taɓa gani ba, ya ratsa teku, don ya zo ya fanshe ta.

Muna cikin haka Inna ta ɗaga labule ta fito. Ƙafafunta ya fara duba. Sannan ya ɗago a hankali ya dubi fuskarta, ya ce, "Tanoma."

"Na'am," in ji Inna.

Sai ta toshe bakinta da hannu. Babu wanda ya taɓa jin sunan nan a gidanmu, har ɗan da ta haifa. Ita kanta ba ta san tana riƙe da shi ba sai da bakinta ya amsa. Ta sulale ta zauna a ƙasa, shi ma ya zauna, suka yi ta kallon juna, mu kuwa muna tsaye muna kuka.

Can ya nuna hoton ya ce, "To, wa ya ɗaure ki?"

"Ni na ɗaure kaina."

"Don me?"

Ta dube ni, ta harare ni don kada in buɗe baki. Ta ce, "Labarin da tsawo, Yaya. Sha ruwa tukuna."

Ya gaya mata sunan ƙauyensu, Rafin Gawo. Ranar wuni ta yi tana faɗarsa, ta gaya wa mai kawo ice, ta gaya wa Malam Sule, ta gaya wa kajin gida. Ƙafa ba ta kai ta can ba, jiki ya riga ya yi nauyi, amma wanta ya zauna da mu, kowace yamma yana ba ta labarin waɗanda suka rage da waɗanda suka tafi, da yadda uwarsu ta yi ta ajiye mata ƙwaryar fura har ta rasu. Da ciwon ajali ya kama Inna, ta kira ni ta ce, "In za ku yi mini addu'a, ku kira ni da sunan da Yaya ya kawo. Shi uwata ta sani."

Surukata ce, ban taɓa kiran ta da suna ba tana raye. Yau dai ku yi mini uzuri, ita ta ce. Allah ya jiƙan Tanoma, ya yalwata mata kabarinta, ya sada ta da uwarta a inda ba mai sake raba su. Amin.