Wadda Ta Ci Abincin Yomi

Ba mu da murhu a Germantown. Hita ta ɗumama ɗaki muke da ita, wata tsohuwa mai jan waya a ciki, kuma a gabanta na ji tsoron da har yau ban ƙara jin irinsa ba. Shekarata tara lokacin. Umma na da tsohon ciki, shi ya sa aka ɗauko Kaka daga Funtua don ta yi mata wankan jego. Kaka ba ta jin Turanci ko na sayen gishiri. Sanyi kuma ya hana ta leƙa waje, sai ta yini a kan darduma tana mitar ƙasar da rana ke faɗuwa mutum bai gama lazimin la'asar ba.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa 'yar Japan ce, Fumiko, tana zaune da ɗanta da ba ya dawowa daga ofis da wuri. A ɗakin wanki suka haɗu da Kaka, aka fara da murmushi da nuni. Daga nan kullum bayan magariba sai ta shigo da bargonta da koren shayinta, su zauna gaban hita, ni a tsakiya ina tafinta. Kaka ta yi tatsuniya in juya Turanci, Fumiko ta rama in juya Hausa. Aikin kan ishe ni, don tsofaffi ba sa sauri, ni kuwa tun ina ƙarama ba na shiri da jira.

Ran nan Umma na kwance a ɗaki, Abba bai dawo ba, Fumiko ta ce yau ba tatsuniya za ta yi ba. Ta ce wannan a tsofaffin littattafan tarihin ƙasarsu yake, waɗanda aka rubuta fiye da shekara dubu, labarin asalin kami.

"Mene ne kuma kami?" in ji Kaka.

"Wai allolinsu."

"A'uzubillahi. Ki ce iskoki dai, 'yar nan. To, ta ci gaba, muna ji."

Wai da farko duniya ruwa ce tsamo-tsamo, ba inda za a sa ƙafa. Sai wasu biyu, Izanagi da matarsa Izanami, suka tsaya a kan gadar sama suka dama teku da mashi. Da suka ɗaga shi, gishirin da ya ɗiga ya daskare ya zama tsibiri. Suka sauka. Matar ta haifi tsibirai, ta haifi kami na iska da na itatuwa da na duwatsu. Na ƙarshe kami na wuta ne. Wajen fitowa ya ƙone ta, ta mutu.

Na juya wannan Hausa. Kaka ta kalli ƙofar ɗakin Umma, ta ce ƙasa-ƙasa, "Allah ya raba mu da mugun ji."

Mijin ya bi ta har Yomi, ƙasar matattu, inda duhu ne kawai. Ya tsaya ya kira ta. Fumiko ta rage murya da ta zo nan, har sai da na matsa. Matar ta amsa daga cikin duhu: ka makara, na riga na ci abincin da aka dafa a murhun nan, wanda ya ci kuwa ba ya komawa. Amma bari in je in roƙi masu wurin. Ka jira ni, kada ka dube ni.

Ya jira, ya gaji. Sai ya ɓalle haƙori ɗaya na matajin da ke gashinsa, ya kunna masa wuta ya haska. Ga matarsa kwance ta ruɓe, tsutsotsi na yawo, aradu takwas zaune a jikinta tun daga kai har ƙafa. Ya zura da gudu. Ta turo munanan matan Yomi suka bi shi, daga baya ita ma ta taso da kanta. Da ƙyar ya fita ya gangaro wani ƙaton dutse ya toshe hanyar. Daga bayan dutsen ta ce za ta riƙa kashe mutum dubu kullum, ya ce shi kuma zai sa a haifi dubu da ɗari biyar. Ya shiga kogi ya yi wanka. Daga idonsa na hagu Amaterasu ta fito, ita ce rana, daga na dama wata, daga hancinsa kuma Susanoo mai guguwa.

Kaka ta tafa hannu. "Ka ji namiji! Ita ta ƙone wajen haifa masa ɗa, shi ya gudu don ta yi wari. Gaya mata irinsa na nan cike a Funtua."

Suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Rana da watan ba su dame ni ba. Abu biyu na riƙe: mace ta mutu wajen haihuwa, kuma wanda ya ci abincin can ba ya dawowa.

Ba a daɗe ba naƙuda ta tashi. Na dawo daga makaranta na tarar da gidan ba Umma ba Abba, Kaka na jan carbi ba ta ko ɗago kai ba. An yi tiyata, an ciro namiji lafiya, amma Umma ta zubar da jini da yawa, sun riƙe ta. Ba wanda ya zauna ya yi mini bayani. In na tambaya a ce, "Ki yi addu'a." In na sake tambaya a ce na cika surutu.

Da aka yarda in je, Abba ya riƙe hannuna muka bi wani dogon lungu mai warin magani. An saki labule, ɗakin duhu-duhu. Umma ta kumbura, leɓenta ya bushe, roba a hanci, roba a hannu. Amma ba fuskar ce ta kashe mini jiki ba. Tire ne a gefen gado, da kwanon romo an sha rabi, da wani jan abu mai rawa a ɗan kofi, an ɗebi cokali biyu.

"Umma, kin ci?"

"Na ɗan taɓa, Jummai. Nas ta matsa mini."

Na kurma ihu. Na ture tiren, romo ya wanke wa Abba takalmi, nas ta shigo a guje. Abba ya fitar da ni yana ta ba da haƙuri. A mota ya tambaye ni ko aljanu ne suka taɓa ni. In na faɗa masa dalili, na san zai hana Fumiko shigowa, kuma ni a raina an riga an gama.

Da muka dawo ban shiga gida ba, ƙofar Fumiko na yi ta bugu. Na ce mata Ummata ta ci, ta ci abincinsu. Ta daɗe tana kallona kafin ta gane. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce ai labari ne ba. Ta durƙusa da ƙyar ta ce, "Ki tuna, ko bayan Izanami ta ci, ta tafi roƙo. Wa ya san me za su ce mata? Shi ne bai jira amsa ba."

Na koma na gaya wa Kaka duka. Ta ce, "Ja'ira! Ashe ke ce kika zubar wa mutane da romo." Sai ta jawo ni jikinta. "To tunda jira aka ce, sai mu jira. Ni da ke."

Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan ba. In waya ta yi ƙara in tsaya in kasa kunne. In lif ya buɗe a hawanmu in ruga in leƙa. Na daina tambayar Abba komai, don kada in haska abin da aka ce kada in duba.

Ranar da aka sallamo Umma, tana tafiya kamar mai taka ƙwai, kowa ya yi kan jariri. Ni na tsaya kan Kaka har ta dama kunun kanwa. Lissafina shi ne, in abincin can na riƙe mutum, na nan ma zai riƙe. Na miƙa wa Umma kwanon na zauna ina kallon maƙogwaronta. Ta shanye, na ce a ƙara.

"Wannan yarinya kashe ni za ta yi," in ji Umma. Amma ta sha.

Yanzu na girma, ni Musulma ce, ban yarda da wani kami ba, kuma har gobe tsayuwa a layin kanti na ɓata mini rai. Amma na daina jin tsoron Izanami. Tausayinta nake ji, tana kwance cikin duhu tana jin kunyar jikinta. Mutumin da ya yi tafiya har ƙasar matattu don ita, ya kasa tsayawa da ya ga yadda ciwo ya mai da ta. Na ga irinsa a asibitocin nan, su kawo fure su tsaya a bakin ƙofa suna duba agogo. Ni in wani nawa ya kwanta, kujera nake jawowa.