Tiren Shayi Ko Kujerar Dama

Ranar da aka kira ni ganawar ɗaukar aiki a garin Lolo ba ta fita daga raina ba. Ku da kuke koyon tuƙi a hannuna yanzu, gara ku ji ta tun kafin taku ta zo.

Lokacin na gama makarantar tuƙin jirgin sama, lasisina a hannu, ina zaune a gida Bagudo. Da yamma nakan je bakin kogi in bi tsuntsaye da ido har su ɓace ta wajen Benin. Sai kawuna ya zo da labari: wani attajirin shinkafa mai jirgin kansa yana neman mataimakin matuƙi, wato mai zama kujerar dama.

"Tashi, ɗiyata," in ji Kawu. "Babban matuƙinsa na Lolo ran kasuwa. Na yi miki magana."

Na sami matuƙin a rumbun Alhaji mai jirgin, zaune kan buhu, jirgin kuwa yana can Birnin Kebbi. Kyaftin mutum ne mai fara'a. Ya duba takarduna ya gyaɗa kai, sannan ya yi mini bayanin da na riga na sani. Lasisi kaɗai ba ya isa. Kowane irin jirgi yana da nasa horon na musamman, mai tsadar gaske, kuma masu inshora ba sa yarda da matuƙin da bai tara sa'o'in tashi a irin jirgin ba. Sa'o'in kuma ba sa taruwa sai an ɗauke ka aiki.

"Amma akwai hanya, 'yata," ya ce. "Muna neman mai kula da fasinjoji. Shayi ne da ɗan murmushi. Kina ciki, wata rana kujera ta samu."

Na san wata yayarmu a makaranta da ta karɓi irin wannan tayin. Hannunta ya daɗe bai taɓa sitiyari ba, lasisinta ya mutu, har yau tire take ɗauka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya bar kujerar, da kuka ɗauke shi a ina ya samo sa'o'insa?"

Ya yi dariya. "Wannan ai ɗan ƙanen Alhaji ne. Kamfani ya tura shi horo."

"Ashe ƙofar tana buɗuwa."

"Tana buɗuwa ga mai gida."

"To a gwada ni a na'urar koyon tuƙi, gwajin da aka yi masa. In na faɗi, ni da kaina zan dafa shayin."

Ya miƙo mini takarduna. "Ke dai bakinki ya fi jirginki gudu. Ki gaida Kawu."

Kawu ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata da kyau. A ganinsa na watsa masa ƙasa a ido, kuma ban ga laifinsa ba. Ni kuwa na nemi koyarwa a ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, inda kowane tashi hannuna ke kan sitiyari.

Ba na raina mai tire, aiki ne na mutunci. Amma abin da na koya shi ne, a sana'ar nan ƙa'ida gaskiya ce, sai dai ba kowa ake karanta wa ita ba. In an ce ba ku cika sharaɗi ba, ku tambaya cikin ladabi yadda na gabanku ya cika shi.

An sake tallata kujerar dama ta jirgin Alhaji bana. Na sake nema, kuma a matsayin matuƙiya.