Wayar da Ta Shigo Kafin Wake Ya Nuna

A gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Kunci, mun san nisan Maiduguri da cikinmu. Babanmu fataucin shanu yake yi can. In ya fita da asuba, ba ma jin muryarsa sai bayan magariba, ya ce ya sauka. Sau ɗaya tak waya ta shigo da rana tsaka, daga lambar da ba mu sani ba. Wani bawan Allah ne ya tsinci takardarsa mai lambarmu kusa da gawarsa a gefen titi, kafin Potiskum. Tun daga ranar Inna ta yanke hukunci cewa wayar matafiyi in ta riga magariba, ba alheri ba ce.

Shi ya sa da ƙanena ya samu aikin jinya a Maiduguri, ya ce ta jirgi zai tafi daga Kano, na ce masa, "Kai dai ba ka da tausayi. Ƙasa ma ta ci mana mutum, balle sama da ba ta da wurin tsayawa?" Ya yi dariya, wai awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Ni da Inna muka kalli juna. Tafiyar yini guda cur? Muka bar shi da ƙaryarsa ta 'yan boko.

Ranar, da hantsi ya kira ya ce sun shiga, za a kashe waya. Inna ta ɗora wake, muka zauna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Wallahi sai na ga ina zuba ɓawo a cikin kwanon ƙwaya.

Waken bai ko yi laushi ba waya ta yi ƙara a cinyata. Baƙuwar lamba.

"Kar ki ɗauka," in ji Inna. Ta riga ta fara salati, ta jawo mayafi ta rufe kanta, irin zaman da ta yi wancan karon.

Wayar ta katse. Ta sake shigowa. Ina jin fitsari, ina jin haushin yaron nan kamar in shaƙe shi, ina roƙon Allah ya bar mini shi in shaƙe ɗin. A karo na uku na ɗauka, na ce, "Faɗi kawai, mun ji."

"Yaya, in faɗi me? Ni ne. Caji ya ƙare, wayar mai tasi na ara. Mun sauka."

"Kun sauka a ina, don Allah?"

"Maiduguri mana!"

Na zage shi tas, ina kuka, sannan na miƙa wa Inna. Ba ta yarda ba sai da ta sa shi ya faɗi sunan da take kiransa da shi yana goye. Ta dubi tukunyar da ke kan murhu.

"To kun bi ta kan inda babanku ya tsaya?"

"Inna, gajimare kawai na gani."

Ta gyaɗa kai, ta ajiye wayar a kan tabarma. Ranar ba ta ci waken nan ba sai da aka kira magariba, ta sa na sake nemo shi, ya ce mata ya sauka.