Hannun Mai Zayyana

A shekarar da aka katse layukan waya a Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako, wani aminina ya baro Damaga da iyalinsa ya sauka a gidana a Talata Mafara. 'Yan bindiga sun hana su noma. Mai zayyana ne, shi ke ƙawata allunan masu saukar Alƙur'ani, ni kuma in rubuta ayoyin da ke tsakiya. Mun fi shekara ashirin a haka.

Yana da wata al'ada. Ba ya taɓa tawada sai ya yi Asuba, ya jingine allo a gabansa, ya yi shiru yana jan carbi har hantsi. Ya ce a cikin shirun nan zanen ke zuwa masa. Da ya zo gidana bai fasa zaman ba, amma hantsi yakan yi hannunsa bai motsa ba. Ni tsorona kada sana'ar ta mutu a zaurena.

Sai wata ƙungiya ta zo tallafa wa masu sana'ar hannu da rikici ya raba da gidajensu. Ni na matsa masa muka je. Aka tara mu a wani babban ɗaki, ga lasifika, ga masu ɗaukar hoto. Aka ce kowa ya nuna aikinsa nan take. Aka ba shi allo da takarda, aka danƙa masa alƙalami. Ya jingine allon, ya fito da carbi.

Wata ma'aikaciya ta tsaya a kansa, ta ce, "Baba, addu'a a gida ake yi. Ka iya ko ba ka iya ba?"

Aka yi dariya. Na raɗa masa, "Mallam, don Allah zana ko mi na na."

Ya ce, "Bai taho ba tukuna."

Kunya ta kama ni. Na zare alƙalamin daga hannunsa, na kwaikwayi wani tsohon zanensa, layukana duk a karkace. Aka tafa mini. Aka ɗauke ni hoto, aka ba ni buhun shinkafa da kwalaben tawada masu launi. Babu wanda ya sake kallonsa.

Na kai kayan ɗakin iyalinsa. Sun ci shinkafar, don yunwa ta yi yawa. Tawadar kuwa ya turo mini ita zaure ko buɗewa bai yi ba. Bayan mako biyu ya kwashe iyalinsa zuwa Bakura, ya shiga ƙwadago a fadamar shinkafa.

Na daɗe ina gaya wa kaina taimako na yi. Amma duk allon sauka da aka kawo mini, sai in rubuta ayoyin in bar gefen fari fat.

Bara na shirya na tafi Bakura. Na same shi a bakin gona, tafin hannunsa duk kanta. Muka gaisa doguwar gaisuwa, sannan na ce haƙƙinsa na zo saukewa.

Ya ce, "Shinkafar ko tawadar?"

Na ce, "Alƙalamin da na ƙwace."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin kunya. Ya ce, "Su ba su san ni ba, ban riƙe su ba. Kai ka san ni."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Na yahe maka, duniya da lahira. Amma kak ka aiko min da allo."

Ya ɗauki fartanyarsa ya koma cikin laka.