Giris ɗin Injin da Babu Shi

Aikina na farko a wani kamfanin ƙanƙara da ruwan leda ne a Maiduguri. Ni ce mai zaman gaban kwamfuta. Duk aikin da aka yi wa injina sai na shigar da shi cikin manhajar da mai kamfanin ya sayo, kuma ba ta karɓar aiki sai an zaɓa masa gurbi: ko an yi shi ne bayan abu ya lalace, ko kuwa tun kafin ya lalace. Na farkon muka ce gyara, na biyun muka sa masa rigakafi.

A kan wannan gurbin muka fi yin faɗa da Baba, babban makanikenmu. Dattijo ne daga kudancin Borno, mazaunin unguwar Galtimari, mai waƙar coci ƙasa-ƙasa in yana kwance noti. Ranar da ya fara jin kalmar rigakafi a bakina sai ya tambaye ni ko allura zan yi wa janareto, ya zo ya riƙe mini ƙafarsa. Ni kuwa 'yar unguwar Gwange ce, bakina bai mutu ba. Na ce shi ma ya shiga layi.

In ya ji bel ɗin inji na kuka ya canza shi, sai in ce rigakafi ne tunda inji bai tsaya ba. Shi kuma ya ce gyara ne, ai abin da ya yi kuka ya riga ya kamu da ciwo. Mu yi ta ja, shi da sifana a hannu, ni ina ihu don ƙarar injin, har mai kawo mana abinci ta gaji ta ajiye kwano ta tafi. Wallahi ban san daɗi nake ji ba a lokacin, na ɗauka wahala ce.

Abu ɗaya muka yarda a kansa: giris ɗin babban injin ƙanƙara. Wannan kam rigakafi ne tsantsa. Na saita manhajar ta riƙa buɗe aikin da kanta duk farkon wata, ta tura saƙo wayata da tasa.

Sai ruwan ambaliya ya shigo gari. Da ya janye, injinan sun sha laka har wuya, mai kamfanin ya sayar da su a kilo, kowa ya kama gabansa. Aikin mijina ya kawo mu Kano. Ina cikin jera kaya a sabon gida sai wayata ta yi ƙara: lokacin sa wa babban inji giris ya yi. Babu wanda ya tuna ya kashe manhajar. Ina kallon saƙon sai ga kiran Baba.

"'Yata, an sa wa injin giris kuwa?"

Na ce masa makaniken ne malalaci. Ya yi dariya har da tari.

Haka muka ɗore. Duk farkon wata saƙo ya shigo, Baba ya kira. Daga bakinsa nake jin gari: kifin banda ya yi tsada, an gyara gadar da muke bi, mai abincinmu ta aurar da 'yarta, jikansa ya fara tafiya. In ya ce mini "wushe", wato sannu, da Kanurinsa na aro, sai in ji ƙamshin turaren wuta na ɗakin mahaifiyata. Ina kewar Maiduguri kamar me, har zafinta nake kewa, kuma wannan kiran ne kaɗai ke kai ni can. Ban taɓa kiransa da kaina ba, shi ma bai taɓa kira ba sai saƙo ya zo. Mun saba sai da dalili.

Wani farkon wata saƙon bai shigo ba. Na kashe waya na kunna, na zagi kamfanin layi ba laifinsu. Da na gwada shiga manhajar sai ta ce an rufe asusun. Kiran Baba ma bai zo ba. Na jira, wata ya raba, ya ƙare, shiru. Na ce to, ashe injin ne ya haɗa mu, yanzu ya mutu karo na biyu. Abin ya tsaya mini a rai, har mijina ya tambaye ni ko wani ne ya rasu.

Da wani watan ya kama, ina yankan kuɓewa, sai na ajiye wuƙa na goge hannu na kira shi. Wayar ta daɗe tana ringin. Da ya ɗauka muryarsa a tsorace take, irin ta mutumin da ba a kiransa sai wani abu ya tsaya.

"'Yata, lafiya? Me ya lalace?"

"Babu abin da ya lalace, Baba. Rigakafi ne."

Ina jin kukan awakinsa a bayan gidansa. Sai ya ce a'a, wannan gyara ne, ai shi ya daɗe yana jin kukan bel ɗin.