Baƙin mai mai kauri a kan dutsen Shafa

Tsohuwar motata ta fara hayaƙi ne a shekarata ta uku da aiki a Jidda. Na kai ta garejin wani dattijon makanike a Waziriyya, Bahaushe haifaffen garin. Na ce ya zuba baƙin mai mafi kauri, ya ƙara da wani mai kamar zuma da ke toshe hayaƙi. Haka na ga ana yi wa tsoffin motoci a Kano, ni kuwa in na kafe, na kafe.

"Ɗana, a zafin Jidda wannan tamam ne, ya yi daidai," in ji shi. "Amma in za ka hau dutse da sanyi, ka dawo a canza. Daskarewa yake."

Na yi dariya. Wanda bai taɓa barin bakin teku ba ne zai koya mini sanyi?

Cikin Janairu mahaifiyata ta zo Umra. Tana da asma, amma na nace sai na nuna mata Shafa, can sama da Ɗa'if. Muka hau dutsen ban canza man ba, muka kwana a gidan haya. Da safe na fita na tarar raɓa ta daskare a gilashin motar, ban ji daɗin ganin haka ba. Da na koma ciki, Inna na zaune bakin gado, ƙirjinta na fito, ta fesa maganinta sau uku bai yi komai ba.

Motar ta tashi da ƙyar a murɗawa ta biyar. Jar fitilar mai ta ƙi mutuwa. Na san ya kamata in bar injin ya ɗumama, amma ina jin numfashin Inna a bayana, sai na taka. Muna gangara injin ya fara ƙwanƙwasa, a hankali, sannan da ƙarfi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

"Lafiya dai ko?" ta ce, kalma ɗaya-ɗaya.

"Lafiya lau, Inna."

Ban rufe baki ba injin ya mutu, cikin hazo, ba gida gaba ba gida baya. Wani manomi mai a-kori-kura ne ya tsaya, ya ce yalla, wato mu tafi, ya kai mu asibiti.

Kwana huɗu ta yi a kwance, ta tashi. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Amma har ta koma gida, duk inda za mu je sai ta ce, "Kira mana tasi."